Farar ƙasa a lambun laka: abin da ya faru da fangali goma sha biyu a bayan garin Jos

## Wurin da mai shi

Lambun yana kudu da garin Jos, a ɗaya daga cikin filayen da masu haƙar kuza suka bari. Mai shi tsohon ma'aikaci ne da ya ajiye aiki. Ya gina gida a rabin filin, ya ware sauran, mita 12 a faɗi da mita 20 a tsawo, don kabeji da karas da latas da tumatur, a ci a gida, abin da ya rage a kai kasuwa. Ɗansa saurayi ne ke taya shi. Sun yanka wurin fangali 12, kowanne faɗin mita 1.2, tsawon mita 10. Ƙasar da ake nomawa ta kama murabba'in mita 144 ke nan, sauran kuwa hanyoyi ne da wurin tara taki. Ruwan rani yana zuwa daga wani tsohon ramin kuza da ya zama kududdufi.

Jos tana kan tudu mai tsayin kusan mita 1,200, kuma tana samun ruwan sama wajen milimita 1,400 a shekara, yawancinsa tsakanin Afrilu da Oktoba. Ruwa mai yawa irin wannan, shekara da shekaru, yana wanke kalsiyam da magniziyam daga ƙasar sama ya gangara da su, ƙasa ta yi tsami. Ga shi kuma haƙar ma'adinai ta birkita filin: baƙar ƙasar sama ta binne, lakar ƙarƙashi ta hau, manyan injuna suka danne ta. Abin da mai lambun ya gada jar laka ce mai ratsin fari, wadda kusan babu ruɓaɓɓen ganye ko saiwa a cikinta.

## Shekara ta farko, Afrilu zuwa Oktoba: daminar da ta nuna matsalar

Da diga aka fasa wurin, don fartanya tsalle take yi. Da ruwa ya sauka sai lamarin ya juye, ƙasar ta riƙa manne wa fartanya da ƙafa. Haka aka ci gaba da aiki a cikinta tana jiƙe, don kada lokacin dashe ya wuce.

An dasa kabeji da tumatur a watan Mayu, aka shuka karas, aka ba su kamfa 15-15-15 sau biyu. A Yuli da Agusta, duk ruwa mai ƙarfi sai ya kwana biyu kwance a fangali. Kabeji ya tsaya cak. Bayan ganyen tumatur ya koma launin shunayya. Da aka tuge wasu don a duba, saiwoyinsu gajeru ne masu kauri, bakinsu ya yi ruwan ƙasa, kuma da sun nutsa santimita 5 ko 6 sai su karkace gefe. Karas ya fito guntaye masu rassa. Kan kabeji mafi girma bai kai rabin kilo ba.

Maƙwabta suka ce ƙasar ta mutu, wasu suka ce ba ta cin taki. Wani tsohon mai lambu da ke bakin kududdufin, wanda kabejinsa ke yin kyau, ya ce shi tokar juji yake zubawa duk shekara. Mai lambun ya ƙi wannan, saboda fasassun kwalabe da ledoji da tsofaffin batura da ya gani a cikinta.

## Nuwamba: yashi da ƙarin yuriya

Shawarar da ta fi yawa ita ce a zuba yashi. Ya sayi ƙaramar tifa guda, aka baza, aka juya. Ba a yi lissafi ba a lokacin, amma ga shi: ƙasar fangali 12 zuwa zurfin santimita 20 ta kai kusan kubik mita 29, yashin kuwa bai wuce biyar ko shida ba. Ƙwayar laka ƙanana ce ƙwarai, ta gaza kashi ɗaya cikin 500 na milimita, don haka sai ta cike duk wani gurbi da ke tsakanin ƙwayoyin yashi. Kafin yashi ya sauya halin laka sai ya kusan kai yawan lakar kanta. Bayan ban-ruwa na mako biyu da zafin rana, saman fangali ya yi tauri kamar daɓe, ruwan da ake zubawa yana gudu ta gefe.

Da ganye ya ƙi yin kore, sai ya ƙara yuriya. Ganyen ya ɗan farfaɗo, saiwa ba ta ƙaru ba. Yuriya kuma tana barin tsami a bayanta: duk kilo ɗaya na naitirojin da ta bayar yana buƙatar wajen kilo 1.8 na garin dutsen farar ƙasa kafin a kashe tsamin da ya haifar, wato buhu mai kilo 50 yana cin kimanin kilo 40. An daɗe da sanin haka a ƙasar nan. A tashar binciken aikin gona ta Samaru, Zariya, akwai gwajin da aka fara a 1950, inda filayen da aka daɗe ana ba su takin naitirojin zalla suka yi tsami, waɗanda ake haɗa musu da kashin shanu suka fi riƙe ƙarfinsu.

## Shekara ta biyu, Janairu: farar ƙasar shafen bango

Wani baƙo ya faɗa masa cewa a Ingila farar ƙasa ake zuba wa laka ta warware. Maganar gaskiya ce, amma rabinta ya ji. Ya je wurin masu kayan gini ya sayo buhu mai kilo 25 na wadda ake dama wa a shafe bango, ya ce zai gwada a fangali biyu. Ya juye buhun duka a kansu, sama da kilo ɗaya a kowane murabba'in mita, ya bi da ɗanyen kashin kaji a ranar, aka juya sama-sama, aka ba da ruwa.

Kayan da ake kira farar ƙasa a kasuwa ba iri ɗaya ba ne, kuma bambancinsu shi ne gaba ɗayan batun hatsari. Akwai dutsen kansa da aka niƙa ba a ƙona ba. Shi ne na gona: ba ya ƙuna, a hankali yake narkewa. In aka gasa dutsen a zafin da ya kai wajen digiri 900, sai ya zama ƙonanniyar farar ƙasa, wadda ke tafasa in ta haɗu da ruwa, ta ƙone fata. In aka kashe wannan da ruwa, sai a sami lallausan farin gari na shafen bango. Ruwan da aka dama shi yana wuce 12 a ma'aunin pH, wato ma'aunin da ke nuna tsami ko rashinsa, kuma ƙarfinsa wajen kashe tsami ya ɗara na niƙaƙƙen dutse da kusan kashi ɗaya cikin uku. Abin da ya zuba ya yi daidai da fiye da tan 13 na niƙaƙƙen dutse a hekta.

Ranar da aka zuba garin akwai iskar hunturu. Ɗan yana watsa garin da hannu, ba safa, ba abin rufe fuska, iska ta kwaso ta watsa masa a idon hagu. Ya murza. Wata maƙwabciya ma'aikaciyar jinya ta hana a ɗiga masa madara ko a sa kwalli, ta sa aka riƙe fatar idon a buɗe ana kwarara ruwa mai tsabta daga buta har minti 20, sannan aka wuce asibiti. Ƙunar irin wannan gari tana ci gaba da ratsa ido muddin akwai ɓurɓushi a ciki, shi ya sa wankin ke gaba da tafiya asibiti. Idon ya yi ja na kusan mako guda, ganinsa bai taɓu ba. Tafukan hannunsa sun yi kwanaki suna tsattsagewa.

Washegari wari mai hawa kai ya cika wurin. Amoniya ce: farar ƙasa mai ƙarfi in ta haɗu da ɗanyen kashin kaji tana korar naitirojin ɗin da ke ciki ya tashi iska, an yi asarar takin ke nan. A kwana na uku aka dasa kabeji. Cikin mako guda fiye da rabin dashen ya kwanta, gindinsa ya yi baƙi. Tsohon bakin kududdufi da ya leƙo ya ce an je neman ƙiba an samo rama.

## Fabrairu: awo

Sai a nan aka nemi malamin gona. Da ya zagaya ya ce, “Baba, a dakata da zuba komai tukuna, sai an auna.”

“Malam, ni dai so nake ta yi laushi,” in ji mai lambun.

“Za mu zo nan, Baba. Mu fara sanin abin da ke cikinta.”

An ɗebi ƙasa kashi biyu, ɗaya daga fangali goman da ba a taɓa ba, ɗaya daga biyun da suka sha farar ƙasa. A kowane kashi an haƙa wurare da yawa a warwatse, daga sama zuwa santimita 20, aka gauraya a bokitin roba mai tsabta, aka shanya a inuwa, aka ɗauki rabin kilo zuwa ɗakin gwajin ƙasa na wata makarantar aikin gona.

Fangali goman sun nuna pH 4.8. Biyun sun nuna 7.9. Ruɓaɓɓen abu a cikin ƙasar bai kai kashi 1 cikin 100 ba, fosfaras ɗin da shuka za ta iya sha kuma kaɗan ne ainun.

Ma'aunin yana tafiya daga 0 zuwa 14, 7 ne tsakiya, ƙasa da shi tsami. Kowane mataki guda ninki goma ne, don haka tazarar 4.8 da 5.8 ba ƙarama ba ce. Yawancin kayan lambu sun fi son tsakanin 6 da 7. In ƙasa ta sauka ƙasa da wajen 5.5, alminiyam da ke jikin laka yana narkewa ya shiga ruwan ƙasa, ya kashe bakin saiwa, wanda shi ne ke tsawo. Gajerun saiwoyin nan masu kauri da aka gani a damina alamarsa ce. Alminiyam ɗin da ƙarfe kuma suna kama fosfaras su riƙe, shuka ta rasa ko da an zuba kamfa, ganye ya yi shunayya. Maganar maƙwabta cewa ƙasar ba ta cin taki ta yi daidai da wannan. Tokar jujin da tsohon yake zubawa kuwa, ban da abincin shuka, tana kashe tsami, kuma masu lambun Jos sun daɗe suna dogaro da ita. Tsoron mai lambun ma yana da tushe, don tokar da aka ƙona da batura da robobi tana iya ɗauke da dalma.

Malamin ya ƙara wani awo mai sauƙi. Aka haƙa rami mai zurfin santimita 30, aka cika da ruwa aka bar shi ya shanye, aka sake cikawa aka duba agogo. Bayan awa 24 rabin ruwan yana nan.

Ɗakin gwajin ya ba da shawarar giram 350 na niƙaƙƙen dutse a kowane murabba'in mita, wato tan uku da rabi a hekta, a raba shi biyu, a sake awo a tsakani. Laka ta fi jigawa cin farar ƙasa, don tana ɓoye tsami a jikin ƙwayoyinta tana sakinsa a hankali. Amma jar lakar ƙasashe masu zafi ba ta ɗaukar yawan da littattafan lambun Turai ke rubutawa, kuma in aka zarce, dawowa ya fi tafiya wuya.

## Maris zuwa Mayu: zubi na farko

Samun kayan ya ɗan ba da wahala. Nijeriya tana da dutsen da yawa, a Kalambaina ta Sakkwato, da Ashaka ta Gombe, da Obajana ta Kogi, amma yawancinsa siminti ake yi da shi, kuma masu sayar da taki ba kasafai suke ajiye na gona ba. A wurin masu kayan haɗa abincin kaji aka samu, don shi ake ba kajin ƙwai saboda ɓawo. Malamin ya matsa ruwan lemun tsami a kan ɗan kaɗan, ya yi kumfa. Gwajin yana da amfani a Filato musamman, inda ake haƙar wata farar laka da ita ma ake sayarwa gari. Wannan ba ta kumfa, ba ta kashe tsami, laka ce za a ƙara wa laka. Na kajin tsaki-tsaki ne, don haka aka kai inji aka sake niƙawa, aka tankaɗe. Tsakin dutse yana iya yin shekaru a ƙasa bai narke ba, gari ne ke aiki a shekararsa. Buhu ɗaya mai kilo 50 ya ishi duk aikin, kuɗinsa bai kai na buhun kamfa ba.

Malamin ya roƙi a raba fangali goman don a ga abin da kowane magani ke yi shi kaɗai. Bakwai za su sami farar ƙasa da taki, ɗaya farar ƙasa kawai, ɗaya taki kawai, ɗaya a bar shi haka. Mai lambun bai so barin fangali guda a banza ba, amma ya yarda.

A ƙarshen Maris, da sassafe kafin iska ta tashi, aka auna kilo 2.4 ga kowane fangali, wato giram 200 a murabba'in mita. Wannan karon da safar hannu, da tabarau, da ƙyalle a hanci, ga bokitin ruwa a kusa, yara kuma an kore su. An raba garin kowane fangali biyu, aka watsa rabi a tsaye rabi a kwance don kada wani wuri ya fi wani, aka juya shi cikin santimita 15 zuwa 20 na sama. Farar ƙasa ba ta gangarawa da kanta sai ƙalilan a shekara, inda aka ajiye ta nan take aiki, kuma sai da danshi. Aka yayyafa ruwa, aka bar wa ruwan farko na Afrilu sauran.

Mako huɗu aka jira kafin a kawo taki. Kashin shanu ne da na kaji da aka tara tun Fabrairu tare da busasshiyar ciyawa, ana juyawa har ya ruɓe ya daina zafi, baro biyu ga kowane fangali. Sufa kuma, takin zamani mai ba da fosfaras, sai ranar dashe aka sa, a gefen kowane rami, don in ta haɗu da sabon gari kai tsaye ita ma kamewa take yi.

An sauya abubuwa uku a dukkan fangali 12 ba tare da bambanci ba. An ɗaga su santimita 20 sama da hanya, aka fitar da lambatu zuwa gangare. An hana taka su, daga hanya ake miƙa hannu. An kuma daina shiga da fartanya in ƙasar ta jiƙe: a dunƙula ta a hannu, in ta murmushe da an danna ta da yatsa a yi aiki, in ta lanƙwashe tana sheƙi a bari sai gobe. Bayan dashe aka lulluɓe saman da busasshiyar ciyawa.

Biyun da suka sha farar ƙasar bango an haƙa su har santimita 30 don ƙasar ƙarƙashi mai tsami ta gauraya da ta sama, aka ba su taki, aka shuka masara.

## Daminar shekara ta biyu da awon Nuwamba

Ruwa bai ƙara kwana a kan fangali ba, har wanda ba a sa wa komai ba, tunda yanzu yana da inda zai bi. Bambanci ya fito a saiwa. A fangali bakwai ɗin, saiwar kabeji ta yi fari, ta yi gashi, ta nutsa fiye da santimita 15, kawuna suka kai kilo ɗaya, wasu suka ɗara. Fangalin farar ƙasa kawai ya ba da saiwa mai lafiya amma kawuna matsakaita, samansa kuma yana yin ɓawo da an kwana biyu ba ruwa. Na taki kawai ya fi shi daɗin fartanya, kabejinsa ya fi na bara, saiwar dai ba ta yi nisa ba. Na banza ya maimaita bara, sai dai ruɓewar gindi ta ragu.

Masarar fangali biyun ta fito da farin ratsi a sababbin ganye, ta yi gajarta. In pH ya haura 7.5, zink da ƙarfe da manganis da boron suna kamewa, shuka ta ji yunwarsu alhali suna nan.

A Nuwamba aka sake awo. Bakwai ɗin sun kai 5.6, na farar ƙasa kawai 5.5, na taki kawai 5.0, na banza 4.8, biyun kuma sun sauko 7.5. Aka zuba sauran giram 150 a fangali takwas ɗin kamar yadda aka yi da farko, aka riƙa ba da ruwa mako uku kafin dashen rani.

A ranin nan mai lambun ya sa dankalin Turawa a fangali biyun, da tunanin sun huce, ya sa ragowar irin a fangalin taki kawai. Dankalin biyun ya fito da ƙuraje masu kaushi a bawo, irin wanda ake ci amma mai saye ke ture shi gefe. Ƙwayar cutar da ke kawo wannan tana son ƙasar da ba ta da tsami, musamman in ta bushe lokacin da dankali ke ƙulla 'ya'ya. Na fangalin taki, mai pH 5.0, ya fito sumul. Dankali yana cikin 'yan amfanin da ke jure tsami, kuma wannan na cikin dalilan da ya karɓi ƙasar Filato.

## Shekara ta uku zuwa Fabrairun ta huɗu

Ba a ƙara farar ƙasa ba. An ci gaba da taki baro biyu kafin kowane dashe a fangalin da aka tsara, aka rage yuriya zuwa rabi, aka shigar da wake cikin juyin shuka. A fangali bakwai ɗin saiwar wake ta yi ƙulle-ƙulle masu jan ciki, alamar tana tara naitirojin, a na banza kuwa da ƙyar ake ganin ɗaya. Tana ta bayyana a ƙarƙashin ciyawa. Kabeji ya daidaita tsakanin kilo ɗaya da rabi zuwa biyu, karas ya miƙe.

Awon Fabrairu ya ba da 6.2 a bakwai ɗin, 6.0 a na farar ƙasa kawai, 5.2 a na taki kawai, 4.7 a na banza, 7.1 a biyun. Aka maimaita gwajin rami. A bakwai ɗin ruwa ya shanye cikin awa 6, a na taki kawai cikin awa 9, a na farar ƙasa kawai ya ɗauki wajen awa 20, a na banza ya kwana ya wuni.

## Abin da lamarin ya nuna

Lambun yana da cuta biyu da suka yi kama da ɗaya a ido: tsami da danƙo. Farar ƙasa ta warkar da ta farko sarai. Ta biyun kuwa kaɗan ta taɓa, kuma fangalin da ya same ta ita kaɗai shi ne shaida, awa 20 bayan shekara biyu. Gaskiya ne kalsiyam yana sa ƙwayoyin laka su taru su zama ƙananan curi, amma curin ba ya ɗorewa sai da abin da zai ɗaure shi, wato ruɓaɓɓen taki da saiwa da tana da ƙananan halittun ƙasa. A ganina babban aikin da ta yi wa laushin ƙasar ta bayan gida ta yi shi: ta kawar da alminiyam, saiwa ta sami shiga, saiwar da takin suka yi sauran. Shi ya sa haɗin ya fi kowannensu shi kaɗai. Kwanciyar ruwa kuma, wadda ita ta fi tayar wa mai lambun hankali, ɗaga fangali da lambatu ne suka magance ta, ba abin da aka saya a buhu ba.

Asarar Janairu ba daga abu guda ta zo ba. An ɗauki nau'i mai ƙuna, an zuba kusan ninki huɗu na abin da awo ya nuna daga baya, an haɗa da ɗanyen taki, an yi dashe a kwana na uku, an yi aikin cikin iska ba kariya. Ko da na bangon ne kaɗai ake iya samu, da an rage shi zuwa kashi uku cikin huɗu na awon niƙaƙƙen dutse, an rufe ido da hannu, an jira wata guda, da ya yi aiki. Ga mai ƙaramin lambu da yara ke yawo a ciki dai, niƙaƙƙen dutse ya fi kwanciyar hankali.

Sakamakon nan na laka mai tsami ne, irin ta wuraren da ruwa ya yi yawa kamar Filato da Mambila da kudancin Kaduna. Lakar fadamun arewa mai nisa, da baƙar lakar yankin Tafkin Chadi da ake noman masakwa, galibi ba su da tsami, wasu ma kanwa ce ta yi musu yawa. A can farar ƙasa ba za ta sassauta komai ba, sai dai ta jawo irin abin da ya sami masarar fangali biyun. Laka mai kanwa jifsam take so, wani farin ma'adini da ke ba da kalsiyam ba tare da ɗaga pH ba, tare da hanyar fitar ruwa. Laka mai danƙo a Jos da laka mai danƙo a Haɗeja iri ɗaya suke a tafin hannu, awo ne kaɗai ke raba su.

Gwajin na lambu ɗaya ne, kowane magani a fangali guda, don haka lambobinsa ba ma'auni ba ne ga wani fili. Yanzu an ba fangalin banza farar ƙasa da taki, an ba na farar ƙasa kawai takinsa, an bar na taki kawai da tsaminsa don dankali. Biyun da aka zarce suna ɗaukar kabeji da albasa, ba a sa musu toka ko dankali. Ruwan Jos da yuriya za su ci gaba da mayar da ƙasar baya a hankali, don haka an tsayar da sake awo duk shekara biyu, a ƙara giram 100 a murabba'in mita in bakwai ɗin suka sauka ƙasa da 5.8.